Wa Ke Karanta Wa Tsoho Takardarsa? Amana da Kuɗin Fansho a Damagaram

Ƴan uwa ɗalibai, ku ɗan kasa kunne ga kalmomin da ake amfani da su a garin nan in ana zancen kuɗin tsufa. Maƙwabtanmu na Kano da Daura suna cewa fansho, sun aro ta daga Ingilishi. Tsofaffin ma'aikatanmu sukan ce pansiyon, daga Faransanci. Duka biyun baƙi ne, Turawan mulkin mallaka suka zo da su. Amma kalmomin da muke auna wanda za a damƙa wa kuɗi, irin su amana, wakili, dillali da la'ada, sun riga su zuwa da ɗaruruwan shekaru. Daga Larabci suka fito, malamai da fatake suka kawo su, sun zauna har ba mai jin baƙuntarsu.

Ni ilimin harshe nake karanta, ba lissafin kuɗi ba, to ta wannan ƙofa zan shiga. Abin da na lura da shi a tarihin garinmu shi ne: duk lokacin da kuɗin mutum ya koma cikin harshen da ba ya ji, sai wani ya tsaya tsakaninsa da kuɗin. In mutumin kirki ne, madalla. In ba na kirki ba ne, a nan damfara take yin gida. Yau kuwa, a gidaje da yawa, wanda ke tsaye a wurin nan mu ne, masu karanta Faransanci, masu riƙe waya.

Birni da Zango

A ƙarni na 19 Damagaram babbar mahaɗar fatauci ce tsakanin Kano, Barno, Agadas da Tarabulus. Zamanin Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki har 1884, aka kewaye Birni da ganuwa, aka ƙera igwa a cikin gari, ayari kuma yana sauka a Zango da gishiri, tufafi da kayan arewa, yana ɗaukar fata da gashin jimina. Ana cinikin bayi kuma, wannan ma tarihinmu ne, ba a ɓoye shi. Kuɗin lokacin wuri ne da azurfar nan ta Mariya Tereza mai ɗauke da shekarar 1780.

To, baƙon da ya sauka da kaya, bai san kowa ba, wataƙila ma Hausarsa ba ta nuna ba, yaya yake yi? Yana sauka gidan mai masauki, wanda ake kira fatoma. Shi zai ajiye masa kaya, ya nemo dillali, ya tsaya masa in an ba da bashi. Mai masaukin nan ba ya iya ɓacewa da dare, domin gidansa, matansa da sunan ubansa duk suna unguwar. In ya ci amanar baƙo ɗaya, labari zai bi ayari ya isa Agadas kafin damina, ba wanda zai sake sauka wurinsa. Ciniki kuma a gaban mutane ake yin sa: mai kaya ya ce albarka in bai yarda ba, ya ce na sallama in ya yarda. Ladan dillali yana da suna, la'ada, kuma kowa ya san shi. Har yau a kasuwar dabbobi za ku ji ana tambaya, la'ada ciki ko la'ada waje? In rigima ta taso akwai alƙali, bayan alƙali akwai fada.

Kada wani ya ce ina wanke mutanen da. Su ma sun yi cuta, ai kalmomin zamba da ha'inci ba jiya aka ƙirƙiro su ba. Abin da nake nunawa shi ne, tsarin ya sa cin amana ya yi wa mai ci tsada.

Akwai labarin da ya nuna ƙarfin tsarin da kuma rauninsa. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdul Karim, ya iso Zinder ranar 25 ga Disamba 1852. A Janairun 1853 wani Balarabe ya miƙa masa dala 1000 ta azurfa da aka aiko masa, an ɓoye ta cikin akwatuna biyu na sukari. Kuɗin sun bi doguwar hanya a hannun mutane, sun iso. Amma wani saƙon, mai dala 400 da kayan ƙarfe, ya iso bayan ya tashi, aka ajiye shi wurin Sharif el-Fasi, wakilin Barno a garin. A 1854 rikicin sarautar Barno ya ci Sharif ɗin, aka wawashe gidansa, ajiyar ta bi ruwa. Ba Sharif ne ya ci ba. Ajiyar ce ta rataya ga ran mutum ɗaya, da ya faɗi ta faɗi tare da shi.

Ranar da kuɗi ya shiga takarda

A 1898 aka kashe Kyaftin Kazamaju a Zinder, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A Yulin 1899 sojan Faransa suka ci yaƙin Tirmini suka shiga gari. Daga 1911 zuwa 1926 nan ne hedikwatar mulkinsu, kafin a mai da ita Yamai. Da su wani sabon mutum ya bayyana a tsakiyar al'amura, wato tafinta. Komanda ba ya jin Hausa, talaka ba ya jin Faransanci, abin da tafinta ya faɗa shi ne gaskiyar ranar. Ko a 1906, lokacin da Faransawa suka zargi Sarki Amadu ɗan Basa da shirya tawaye suka tuɓe shi, cikin waɗanda aka kama har da babban attajiri Malam Yaro da tafintan Faransawan kansu. Kun ga inda tafinta ya kai.

Fansho ya shigo ƙasar nan ta hannun waɗanda suka yi wa Faransa aiki, musamman soja, waɗanda muke kira mazan jiya. Wannan wani irin kuɗi ne da kakanninmu ba su saba da shi ba. Wuri ana ƙirga shi a tabarma, saniya ana duba haƙoranta. Fansho kuwa alkawari ne a rubuce, cikin ɗan littafi, da harshen wani, ana lissafa shi a wani gari mai nisa. Mai shi yana riƙe da littafin a aljihun rigarsa amma bai san abin da ke ciki ba. In an ce masa nan aka rubuta kaza, sai ya dangwala yatsa.

Hatta lissafin ma harshe biyu ne. Mu da dala muke ƙirga: dala ɗaya tamma biyar, dala ashirin ita ce 100, jika ita ce 1000. Takarda kuwa da tamma take magana. Tsohon da aka karanta wa adadi da Faransanci sai ya raba shi gida biyar a kansa kafin ya san abin da ke nasa, mutane suna layi a bayansa, mai biya yana gaggawa. Wanda ya taɓa raka kakarsa karɓar kuɗi ya san abin da nake nufi.

Gwamnati ma ta taɓa ci

Kafin mu kai ga ƴan damfarar titi, a faɗi gaskiya: babbar cutar da aka yi wa mazan jiya daga sama ta zo. Ranar 1 ga Disamba 1944, a barikin Caroy kusa da Dakar, sojan Faransa suka buɗe wuta kan sojojin Afirka da suka dawo daga zaman fursuna a Turai, don kawai sun nemi a biya su haƙƙinsu. Rahoton hukuma na lokacin ya ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama suna ganin sun fi haka nesa. Sai a 2024 shugaban Faransa ya amsa cewa kisan kiyashi ne.

Sannan dokar kasafin kuɗin Faransa ta 26 ga Disamba 1959 ta ce duk tsohon sojan da ƙasarsa ta samu ƴancin kai, fanshonsa zai tsaya inda yake. Sun kira abin cristallisation, wato daskarewa. Nijar ta samu ƴanci ranar 3 ga Agusta 1960. Daga nan Bafaranshe da ɗan Damagaram da suka kwana rami ɗaya a fagen fama, na ɗaya yana ƙaruwa kowace shekara, na ɗaya ya daskare kamar man shanu da sanyin hunturu. Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta ba shi gaskiya ranar 30 ga Nuwamba 2001, amma ya riga ya rasu. Bayan fim ɗin Indigènes na 2006 aka gyara wani sashe daga 2007. Ranar 28 ga Mayu 2010 kotun tsarin mulki ta rushe bambancin, sabon tsari ya fara aiki a Janairun 2011.

Ga inda zancen ya dawo kan harshe: wani ɓangare na gyaran sai wanda ya rubuta buƙata cikin wa'adi yake samu. Ku yi tunanin tsohuwar da mijinta ya rasu, tana wani ƙauye wajen Mirriya ko Tanut, ba ta karatun boko, aurenta a masallaci aka ɗaura ba takarda. Wa zai gaya mata? Wa zai rubuta mata? Wanda ya zo ya ce zai bi mata takardu, nawa zai ɗauka? A irin wannan rami ne masu cewa «kawo wani abu in tura maki dosiye» suke kiwo.

Bayan ƴancin kai

Gwamnatin Nijar ta gina nata tsarin. A 1965 aka kafa CNSS, asusun ma'aikatan kamfanoni da ƴan kwantiragi. Ma'aikatan gwamnati kuwa asusun ritaya na ƙasa ne ke biyansu ta baitulmali, har dokar 2012 ta kafa CARENI. Wannan ci gaba ne, domin ajiya ta daina rataya ga ran mutum ɗaya kamar ta gidan Sharif el-Fasi. Amma iyayenmu sun ga abin da ya girgiza imaninsu da ofis. A 1990 babban bankin raya ƙasa, BDRN, ya durƙushe. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo, fansho yana nan yadda yake. A shekarun nan ne kuma ma'aikata suka yi ta bin gwamnati bashin albashi na watanni. In kun ji tsoho ya ce shi bai yarda da banki ba, kada ku yi masa dariya, da dalilinsa. Matsalar ita ce ɗan damfara ma ya san wannan tarihin, da shi yake buɗe zance: «Baba, ka manta abin da banki ya yi wa mutane?»

Wani abin kuma, an daɗe ana biyan fansho wata uku-uku. Ciki kuwa kullum yake tambaya. A danginmu akwai wani ƙanen kakana, tsohon soja, da littafin fanshonsa ya shekara da shekaru a akwatin wani ɗan kasuwa. In hatsi ya ƙare sai ya je a auna masa gero da shinkafa bashi. Ranar biya su tafi tare, ɗan kasuwa ya cire nasa a bakin ƙofa, ya miƙa masa saura. Ba a taɓa rubuta nawa ya ci ba, ba a taɓa faɗin nawa ake ɗorawa ba. Tsohon har ya rasu yana kiran mutumin nan mai rufa masa asiri. Da ƴaƴansa suka nemi littafin don bin haƙƙin mahaifiyarsu, sai aka ce akwai sauran bashi, ba shaida, ba takarda. Dillalin Zango na zamanin Tanimu da ya ga wannan, da ya tambaya: ina la'adar, wa ya ji an faɗe ta?

Sabon dillali ba shi da gida

A maƙwabta, Najeriya, an ga iri biyu na wannan cuta, kuma duka sun shafe mu. Na farko daga cikin ofis. Abdulrasheed Maina shi aka ɗora kan kwamitin gyaran fansho, wato an ba kura ajiyar nama. Da ya tsallake beli, a nan Nijar aka kama shi a ƙarshen 2020 aka mai da shi Abuja, a Nuwamban 2021 kotu ta ɗaure shi shekara 8 kan sama da naira biliyan 2. Na biyu daga waya. MMM, wadda Sergei Mavrodi ɗan Rasha ya ƙirƙiro, ta yi wa mutane alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata ɗaya. A Disamban 2016 ta rufe asusun mutane, hukumar inshorar ajiya ta Najeriya ta ce kimanin mutum miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18.

Ku lura da kalmomin MMM. Ba ta ce zuba jari ba, ta ce ba da taimako da karɓar taimako. Ta ari rigar adashi da zumunci ta sa. Haka masu irin wannan sana'a suke yi ko'ina: su ɗauko amana, albarka, taimako, halal, su liƙa a saman abin da ba ciniki a ƙarƙashinsa. Kuɗin wanda ya shigo yau ake biyan wanda ya shigo jiya, ranar da sababbi suka ƙare sai a rufe shafi. Ga ma'auni mai sauƙi. A 2014 ƙasashenmu masu amfani da sefa suka fara aiki da ƙa'idar cewa ruwan da ya wuce kashi 15 a shekara ga banki, ko kashi 24 a shekara ga ƙananan asusun bashi, ya zama haram a doka. To wace sana'a ce za ta ba ka 30 a wata, ta kuma ci riba? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Sai ƙaramar damfara ta kullum, wadda ta fi kusa da gidajenmu. Waya ta yi ƙara, murya mai ladabi, Faransanci a gaba Hausa a baya: wai daga ofishin fansho ne, an samu ƙari ko tsohon bashi, a turo kuɗin buɗe dosiye, ko a faɗi lambar da ta shigo yanzu. Tafintan da yana da fuska, ana ganinsa a bariki. Wannan ba fuska, ba unguwa, gobe ya jefar da layin.

Tambayoyin Zango

Ba sai mun ƙirƙiro sabuwar hikima ba. Tambayoyin da bafatake ke yi kafin ya sauke kayansa har yanzu suna aiki, sai dai a sake musu kaya.

Ina gidansa? Wanda zai ba tsoho shawara kan kuɗi dole a san ofishinsa da ƙofar da za a ƙwanƙwasa in abu ya ɓaci. Mai lambar waya kaɗai ba mai masauki ba ne.

Wa ke samansa? A da alƙali ne da fada. Yau banki sai da izinin hukuma, kuma BCEAO, wadda ke da reshe a nan Zinder, tana fitar da sunayen bankunan da aka yarda da su. Ƙananan asusun ajiya da bashi suna ƙarƙashin hukumar ARSM. Mai tara kuɗin jama'a don zuba jari kuwa sai da amincewar hukumar kasuwar kuɗi ta UMOA. Takardar rajistar kamfani da ake ratayawa a bango ba izinin karɓar ajiya ba ce, wannan kowane mai shago yana iya samun ta.

Nawa ce la'adarsa, wa ke biya? Wanda ya ce shi don Allah yake yi, ba ya cin komi, a ƙara tambayarsa. Mai gaskiya ba ya jin kunyar faɗin ladansa. In kamfanin da yake tallatawa ne ke biyansa, to ɗan talla ne, a saurare shi a matsayin ɗan talla.

Wa ya shaida? Duk wanda ya ce kada a gaya wa yara, ko ya ce dama ce ta yau kaɗai, ya riga ya ba da amsa. Maganar fansho a tafi ofishin da ke biya, ƙafa da ƙafa, a tambaya, a karɓi rasit na duk abin da aka biya. Ƙungiyoyin ƴan ritaya da na mazan jiya suna nan, sun san hanyar da aka saba bi.

Zai iya faɗa da Hausa? Wannan tawa ce, ta ɗalibar harshe. In mutum ya kasa bayyana wa tsoho daga ina ribar take fitowa, da Hausar da ake sayen goro da ita, ko dai shi ma bai gane ba, ko ba ya so a gane.

Sai abubuwa uku da ba sa barin hannun mai su: littafin fansho ko katin banki, lambar sirri, da takardar wakilci da ba a karanta masa ba. Wakilci in ya zama dole, a rubuta wa aka wakilta, kan me, zuwa yaushe. Kuma kada a zuba duk abin da aka tara wuri ɗaya, ko da wurin amintacce ne. Sharif el-Fasi amintacce ne.

Mu ne tafintocin gida

Na bar mafi nauyi a ƙarshe. Ba kowace cuta ke zuwa daga baƙo ba. Wani lokaci jikan da aka ba waya ya duba saƙo shi ke cire jika biyu ya ce kuɗin caji ne. Wani kuma da kyakkyawar niyya yake jan kuɗin kakansa zuwa wani shafin da abokinsa ya nuna masa, don yana son ya ninka. Mu da aka tura lakwal da wannan fanshon, aka sayi takardunmu da shi, mun gaji kujerar tafinta ko mun so ko ba mu so ba.

Aikin ba wuya gare shi ba. In takarda ta zo, a karanta ta duka, da ƙarfi, a fassara har ƙananan layukan ƙasa. A faɗi adadi da dala da jika yadda tsoho ke ƙirga. A sa wani na uku ya zauna, ko ƙanwa ce ko maƙwabci. A sayi ɗan littafi a riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, da boko ko da ajami, wanda mai kuɗin zai iya dubawa da kansa. In iyayenmu suna raye tare, a tabbata takardar aure da takardun haihuwa suna nan tun yanzu, don kada gobe uwa ta faɗa hannun masu bin dosiye. In kuma an riga an cuci wani, a kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarma, kada kunya ta sa a yi shiru, shirun nan shi ke ba macuci damar zuwa gida na gaba.

Wanda ya yi shekara talatin yana koyarwa a ƙauye, ko yana gadi, ko yana ɗauke da bindigar wata ƙasa, ba shi da wata shekara talatin da zai sake tarawa. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar iyayenmu.